Jawabi bisa gayyar ginin gidaje bayan guguwar Katirina



Maganarmu ta yau ta wani gari ce mai nisa, Niyu Orliyans, cikin jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka. Ran 29 ga watan Agusta na 2005 wata guguwar teku, wadda anka sa ma suna Katirina, ta faɗa ma yankin. Garin nan kamar ƙwarya yake, wajen rabinshi teku ya fi shi tudu, ganuwa ce ke tare mishi ruwa. Ganuwa ta ɓalle wuri-wuri, ruwa ya ci kashi 80 cikin 100 na garin, ya kwanta makonni. Mutum fiye da 1300 sunka rasu cikin yankin duka.

Da ruwa ya janye sai masu addini sunka yi gayya. Ƴan Baftis, da Katolika, da Menonayit, da ƙungiyoyin Musulmi, kowa ya aiko mutanenshi. Da yawa su ne sunka biya kuɗin motarsu, suna kwana cikin majami'u, ba mai ba su ko dala.

Kada ku zaci gini sunka fara. Gidajen can na katako ne, kuma ruwa mai ƙazanta ya daɗe ciki, fumfuna ya kama bango har bisa. Sai an fidda kaya duka, an ɓamɓare allon bango, an bar gida ƙashi tsura ya sha iska. Firigo kuwa, da nama ya ruɓe ciki, ba a buɗe shi. Ɗaure shi ake yi a kai bakin hanya. Mai gida yana tsaye ana zubda hotunan iyayenshi. Wanga aiki ba shi da daɗin gani, amma in babu shi ba a kafa ko ƙusa guda.

Ƙungiyar agaji ta Menonayit, wadda ta samo tushe a Kansas cikin 1950, tsofaffi take sa wa gaba, da naƙasassu, da waɗanda ba su da inshora. Ita ko ƙungiyar Habitat for Humanity hanyarta dabam. Millard Fuller da matatai Linda sunka kafa ta cikin 1976, bayan sun yi shekara 3 suna gwada abin a Mbandaka ta ƙasar Zayir, Kwango ta yau. Ba ta ba da gida kyauta. A Niyu Orliyans a lokacin, mai son gida sai ya yi awa 350 yana aiki da hannunshi, sannan ya biya sannu-sannu, bashi maras ruwa. Da haka anka gina gida 72 cikin wata unguwa da anka yi don makaɗa da mawaƙa, tun da garin da kiɗi anka san shi. Tsohon shugaban ƙasa Jimi Karta, wanda ya rasu cikin 2024, shi ma ya riƙa guduma tare da su a yankin cikin 2008.

Mun yaba wanga tsari, don wanda ya zubda guminshi bisa gida ba ya sakaci da shi. Amma a faɗi gaskiya: sai mai abin biya wata-wata ke shiga. A lokacin fiye da rabin mutanen garin ƴan haya ne, ba su da filin da za a gina musu. Cikin 2007 kuma majalisar gari ta yarda a rushe gidajen gwamnati na talakawa, wajen 4500.

To, ga inda muke so ku kasa kunne. Gwamnati ta fiddo shirin taimako mai suna Road Home, tana ba mai gida har dalar Amurka dubu 150. Sai dai sai ka nuna takardar gida da sunanka. Baƙaƙen fata da yawa gado sunka ci: kaka ya saya, uba ya zauna, ɗa ya zauna, ba wanda ya je ya sake suna. Kowa cikin unguwa ya san gidan wane ne, amma ofis bai san shedar maƙwabci ba. Magada kuma guguwa ta watsa su, wani Hiyuston, wani Atlanta, ga shi sai an nemo sa hannunsu. Ƴan gayya suna nan da katako da kwano, takarda ta tsai da aiki.

Ko wanda takardarshi ta cika bai tsira duka ba. An auna kuɗin da darajar gidan kafin ruwa, ba da abin da gyara zai ci ba. Gidan unguwar talakawa ba shi da tsada, alhali buhun siminti kuɗinshi ɗaya ko'ina. An kai ƙara bisa wannan, anka sasanta cikin 2011, bayan mutane da dama sun riga sun kafa zama wani gari.

Unguwar da ake kira Lower Ninth Ward, inda ruwa ya fi ɓarna, tana da mutum wajen dubu 14 a ƙidayar 2000. A ƙidayar 2010 ba su kai dubu 3 ba.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.