SHARHIN ƘWALLO A GASAR YARANMU: ZURFIN HAUSA KO SAUƘINTA?

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗan kasuwa mutumin Azare, ya yi a taronmu na wata-wata a Sabo, Ibadan.)

  

Malamanmu, Allah Ya gafarta muku. Iyayenmu dattawa, Allah Ya ƙara girma. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamiti, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da ku samari da kuka jeru can baya kusa da ƙofa, ina gaishe ku baki ɗaya.

Kowa ya san abin da ya tayar da ƙura a zaman da ya wuce. Kwamitin matasa ya kawo shawarar a yi wa yara gasar ƙwallo ta gem a hutun Sallah, a kashe muryar Baturen da ke magana cikin na'urar, a ba yaranmu biyu lasifika su yi sharhi da Hausa. Kowa ya yi na'am. Sai aka zo kan wace irin Hausa, nan fa aka rabu. Wasu iyayenmu suka ce in ba da tsantsar Hausa za a yi ba, babu gola babu fanareti, to su ba za su ba da ko sisi na man janareto ba. Samari suka ce in aka yi haka, rabin yaran Sabo ba za su gane ba, dariya kawai za a yi ta yi. Aka tashi baram-baram. Shi ne shugaba ya ce in tofa albarkacin bakina.

Ni dai ba ɗan boko ba ne. Islamiyya na yi a Azare, daga nan na shiga fatauci, ina ɗauko wake da gero daga kasuwannin ƙasar Katagum ina saukewa a Bodija. Amma wanda ya yi shekara 30 yana ciniki da baki, ya san kalmar da ke sayar da kaya da wadda ke korar mai saye. Da wannan ɗan sanin zan yi magana.

Bari in fara da 1980. Ina yaro a Azare, ranar da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Rediyo ɗaya ce a teburin mai shayin unguwarmu, mu kuwa mun fi 40. Da Turanci ake sharhin. Zamanin marigayi Ernest Okonkwo ne na Rediyon Nijeriya, wanda ya rasu a 1990, mutumin da ya yi suna wajen raɗa wa 'yan wasa laƙabi. Shi ya kira Christian Chukwu Ciyaman, ya kira Segun Odegbami da sunan lissafi. Mu ba mu jin ko ɗaya. Wani malamin firamare ne ya kafa kunne a jikin rediyon yana juyo mana. Kun san abin da yake faɗi? "Odegbami ya ɗauka. Ya yanke ɗaya. Ya buga. Ta shiga!" Iyakarta ke nan. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin ƙwallon nan, alhali ban taɓa ganinta ba. Tun ran nan na gane cewa aikin mai sharhi na farko shi ne ya zama idon wanda ba ya gani.

To, shi sharhin cikin gem fa? Na zauna da ɗana ya yi mini bayani, na kuma kasa kunne da kaina. Ashe babu wani mutum da ke kallon wasan. Ana kai mai sharhi ɗakin ɗaukar murya ne, ya yi ta faɗin gutsattsarin maganganu da sunayen 'yan wasa, a adana. In yaro ya buga kwana, na'ura ta ɗauko maganar kwana. In ya ci, ta ɗauko ta ci. Shi ya sa za ka ji magana ɗaya yau, ka ji ta gobe, ka ji ta jibi. A wasan FIFA na kamfanin EA, wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023, an yi shekaru ana jin Martin Tyler, daga baya Derek Rae ya karɓa. A wasan PES na kamfanin Konami, wanda ya koma eFootball a 2021, sun sa Peter Drury. Larabawa ma an sa musu nasu, Isam Shawali ɗan Tunisiya. Hausa kuwa ba a sa ta ba, shi ya sa yaranmu suka ce za su yi da bakinsu, kuma Allah Ya yi musu albarka da wannan tunani.

Abin lura a nan shi ne, kalma mai nauyi ba ta jure maimaici. Ran farko ka ji ta ka ce kai, wannan ya iya magana. Ran goma ta fara gundurarka. Amma "ya buga", "ta fita", "ya tare", ko sau dubu aka faɗa ba wanda zai ce ya gaji. Kamar tuwo ne da naman Sallah. Tuwo kullum ake ci ba a ƙosawa, naman layya kuwa in aka kwana bakwai ana ba ka shi safe da yamma, da kanka za ka nemi kuka. Yaranmu za su yi sharhin wasa wajen 15 a yini biyu. In kowane ci sai an ce "ya ragargaza raga ya bar gola da sallallami", kafin la'asar an ƙosa.

Waɗanda suka girma a Azare wajen ƙarshen shekarun 1990 za su tuna gidajen gem na farko, inda ake buga Winning Eleven a PlayStation. Da yawa daga cikin faya-fayan nan da Japananci suke magana. Ba yaron da ke jin ko kalma ɗaya, amma duk sun haddace ihun mutumin, suna kwaikwayonsa a hanyar makarantar allo. Wannan ya nuna mana rabin sharhi a murya yake, a ɗagawa da saukewa, da sanin inda za a yi shiru.

Kada iyayena su ce na goyi bayan samari na gama. Ban gama ba. Shi Peter Drury ɗin nan, da zurfin Turanci ya yi suna. A watan Afrilu na 2018, da Roma ta ci Barcelona 3 da nema ta fitar da ita daga gasar zakarun Turai, maganar da ya yi a kan ƙwallon Manolas, har da tatsuniyoyin Girkawan dauri ya jawo, kuma duniya ta yi ta yaɗawa. Amma ku lura da lokacin da ya yi ta. Sai da ƙwallo ta kwanta a raga. Tana tafiya kuwa, sunayen 'yan wasa kawai yake kira.

Mu ma ai ba baƙi ba ne a wannan fage. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka, ko a Azare ko a Gamawa ko a Yana, ya san tsarin. Kafin a gwabza, makaɗi na zuga, maroƙi na kirari, a nan ake zuba Hausa mai nauyi, irin wadda ta sa har yau ake tuna marigayi Ɗan Anace da Shago. Da an sa hannu kuwa, ba ka jin komai sai "kai!", "ya kai masa!", "ya faɗi!" In an yi kisa ko an raba turmi, sai kirari ya dawo. Kakanninmu sun riga sun raba wa kowace magana wurinta. Mu ne muke neman mu cakuɗa.

Yanzu bari mu zo kan kalmomin da ake faɗa a kansu. Ana cewa kada a ce fanareti, a ce bugun daga kai sai mai tsaron gida. Magana ce mai daɗi, ni ma ina sonta. Amma ku ƙirga, kalma 7 ce. Kafin yaro ya kai ƙarshenta an buga an ci an dawo tsakiya. To me zai hana ya ce "fanareti!" lokacin da alƙali ya busa, in ana ajiye ƙwallo kowa ya yi tsit, sai ya ja ta a hankali, "jama'a, daga kai sai mai tsaron gida"? Ga shi an faɗi duka biyun, yaro ya ji, idonsa kuma ya fassara masa.

Batun aro kuma, iyayena ku yi mini afuwa. Shi alƙalin da muke cewa alƙalin wasa, daga Larabci muka samo shi, haka littafi da alƙalami. Mota da tebur da asibiti na Bature ne. Ashana da agogo, a wurin masu masaukinmu Yarbawa muka karɓa. Duk sun zauna sun zama 'yan gida, kamar yadda kakanninmu suka sauka a Sabon nan tun 1916 suka zama 'yan gari. Gola da kwana da fanareti sun daɗe da samun ɗaki a gidan Hausa. Korarsu yanzu sai dai a wahalar da kai.

Ku kuma samari, ku buɗe kunne. Sauƙi daban, kasala daban. In ka ɗauki lasifika ka yi jimla guda, kalma 6 Turanci, 2 Yarbanci, "ya" da "ta" kawai suka rage na Hausa, to da ka bar Baturen ya yi abinsa, ya fi ka iyawa. Muna da kalmomi gajeru masu kyau waɗanda ba su da wuyar kamawa. Satar gida. Bugun tazara. Ƙeta. Jan kati. Ya farke. Canjaras. Kunnen doki, wanda in ka dubi kunnuwan doki ka ga ba wanda ya fi wani, ka gane an tashi 1 da 1 ba sai an yi maka bayani ba. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya yi shekaru yana kawo sharhin gasar Firimiya ta Ingila kai tsaye, da irin waɗannan kalmomi, kuma daga Sakkwato har Kumasi ana ganewa. A 1998 da Wikki Tourists ta Bauchi ta ɗauki kofin ƙalubale, da wannan Hausar muka yi ta ba juna labari a tasha. Ba ta gaza mana ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mazauna nan. Mu Guddirawa muna da namu karin harshe, wanda in na saki baki da shi Basakkwace sai ya ce in sake faɗi. A wurin gasar nan akwai ɗan Kano, akwai ɗan Katsina, akwai ɗan Damagaram, akwai kuma yaron da aka haifa a layin nan, bai taɓa ƙetare Jebba ba, Yarbancinsa ya fi Hausarsa kaifi. Wannan yaron shi ne abin jinmu. In muka tara masa kalmomin da ko ubansa sai ya yi tunani, zai ce Hausa yaren tsofaffi ce, ya juya baya. In kuma muka bar shi da gaurayen da ya saba, ya tashi bai ƙaru da komai ba. Na ga wannan a gidana. Na kai ƙaramin ɗana Azare da Sallah, kakarsa ta ce masa ya bar tamaula ya zo ya ci abinci, yaron nan ya tsaya yana kallonta, bai san ƙwallon da ke ƙafarsa ake nufi ba. Tsohuwa ta dube ni ba ta ce komai ba. Wannan kallon bai bar ni ba har yau.

Malamanmu na Islamiyya sun nuna mana hanya. A tafsirin azumi, in mai jan baƙi ya ja aya, malam ba ya tsayawa nuna wa jama'a yawan luggarsa. Yakan fassara da Hausar da tsohuwa da yaro za su ɗauka. In kalma mai wuya ta zama dole, sai ya kawo ta, ya bi ta da 'yar'uwarta mai sauƙi. A haka muka san kalmomi da yawa ba tare da mun san ana koya mana ba.

Saboda haka ga shawarata, in taro ya yarda.

Na ɗaya, in ƙwallo na tafiya, a yi gajeruwar Hausa da kowa ya sani, har da kalmomin aro da suka zauna.

Na biyu, in an ci, ko an tafi hutun rabin lokaci, ko an tashi, a saki karin magana da kirari. A kowane wasa a shigo da tsohuwar kalma ɗaya ko biyu, a sa ta daidai inda ido zai fassara ta.

Na uku, dattawa uku su zauna da masu sharhin mako guda kafin Sallah, a rubuta kalmomin a takarda, mujallarmu ta buga su don su zauna.

Na huɗu, babu zagi, babu taɓa iyayen kowa ko ƙabilarsa, don maƙwabtanmu za su zo kallo. Babu caca. In an kira salla a kashe na'ura.

Ni na ɗauki nauyin man janareto na ranar farko. Iyayena da suka ce sun janye, ina roƙonku ku dawo da hannunku, ku zo ku zauna a sahun gaba. Yaron da ya ga kakansa ya yi murmushi don ya ce kunnen doki, ba zai sake mantawa da ita ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya kai mu Sallah lafiya.