Jawabin Shugabar Mata Kan Asibitocinmu

Iyayena da 'yan uwana mata na Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa.

Shugabancin asibiti, a ɗakin haihuwa ake gane shi da tsakar dare. Ungozomar da ake biya kan lokaci, ake raba mata aiki da adalci, shugabanta ke sauraronta, ita ce ke tsayawa kan mai naƙuda har ta sauka. Wadda ta kwana biyu ba hutu kuwa, komai kirkinta sai ta gaji, ga mace na zubar da jini.

Don Allah ku shiga kwamitin lafiya na mazaɓunku, ku tambayi ungozoma nawa ke kwana a asibitinku. Wadda ta kyautata, ku yabe ta gaban shugabanta. Ga makarantar ungozoma nan a Babura, mu tura 'ya'yanmu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya.