A Kai Ta Asibiti Tukuna
(Jawabi a taron Zumuntar Mata)



A zagayen ƙauyuka da muke yi, akwai wani abu da yake ci mana rai. Yarinya ta yi ciki ba aure, tsoro ya kama ta, ta sha sauye-sauye ko ta je wajen mai kemis a ɓoye. Jini ya ɓalle, iyaye kuwa su rufe ƙofa saboda kunya. Kafin a nemi mota, rai ya yi halinsa.

Dokar Najeriya ba ta yarda a zubar da ciki ba, sai don ceton ran uwa. Amma yi wa yarinyar da take zubar da jini magani ba laifi ba ne. Idan kuka ga jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon mara ko ruwa mai wari, kada a kwana. A kai ta asibiti tukuna, faɗa ya biyo baya.

Muna roƙon kowace ikkilisiya ta ajiye kuɗin mota domin irin wannan dare. Mu kuma koya wa 'ya'yanmu zancen haila da ɗaukar ciki tun kafin su ji a bakin samari.

A Markus sura 5, mace ta shekara 12 tana zubar da jini. Yesu bai kore ta ba, ya kira ta 'yarsa. Mu ma kada mu kori namu.

Allah ya taimake mu. Amin.