Darasin Gawo Daga Manoman Maraɗi

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malami ya gabatar wa 'yan'uwa matasa a zaman karatu, a kan sauyin yanayi da kare muhalli. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da cewa ƙasa amana ce a hannun ɗan Adam, kuma babu amanar da ba za a yi tambaya a kanta ba ranar gobe. Don haka wajibi ne matashi ya san abin da ke faruwa. Ya ce hayaƙin man fetur da kwal da gas yana taruwa a sama, ya tsare zafin rana kamar bargo, sai duniya ta ɗumama, damina ta rikice. Bana fari, baɗi ambaliya. Manyan ƙasashe irin su Amurka da Sin da na Turai su ne suka fi fitar da wannan hayaƙi. Duk Afirka ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, amma talakawanmu ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Malam ya ci gaba da cewa sanin mai laifi ba zai hana Hamada cin gonar mahaifinka ba. Sai ya kawo misalin manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar. A da, manomi kan share gonarsa ƙaf, bai bar ko tsiro ba, iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka. Bayan farin 1984 sai suka lura cewa kututturan itatuwan da aka sare ba su mutu ba, saiwarsu na raye a ƙarƙashin ƙasa. Suka riƙa zaɓar toho biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran, su kare su daga awaki da gatari. Da wannan kaɗai aka farfaɗo da hekta kimanin miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200.

Ya ce ku dubi hikimar Allah a gawo. Da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi.

Daga ƙarshe Malam ya ja hankalin 'yan'uwa da cewa Manzo (S) ya kwaɗaitar da dashen itace, ya kuma bayyana cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce ga mai dashen. Ya nemi kowa, in ya je gida sharar gona, ya roƙi mahaifinsa cikin ladabi a bar tohon gawo. Wanda ke birni kuma ya dasa darbejiya ɗaya a ƙofar masallacin unguwarsu, ya ɗauki nauyin ban ruwanta har ta kama.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.