Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekara: Ciwon da Muke Ɗaukowa a Hanya

Sarkin Zongo, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta Malam. Ciyaman, Magajiya, iyayena maza da mata, yayye da ƙanne da kuka taso daga Salaga, Yendi da Bawku zuwa nan Kete Krachi, sannunku da hanya.

Aikina a rana irin ta yau shi ne in karanta lissafin kuɗi in koma in zauna. Bana na roƙi Ciyaman ya ƙara mini lokaci kaɗan. Ni ɗanku ne, maganar kuma tana da nauyi a baki, don haka ku gafarce ni tun yanzu.

Littafin taimako a hannuna yake. Idan ɗan ƙungiya ya rasu, ni nake rubuta abin da aka kai wa iyalinsa, kuma a gurbin dalili galibi "doguwar jinya" nake sa wa. Akwai wani yayanmu, ba zan faɗi suna ko gari ba. Wata da watanni yana ramewa. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ce taifot, daga baya aka ce sammu ne daga abokan ciniki. Jarinsa ya ƙare a magani, amma ya ƙi gwajin jini don kada wani ya gan shi a layin. Ranar da aka gwada, ƙanjamau ya riga ya ci jikinsa. Matarsa ce ta ba ni izinin faɗin wannan. Ita ta yi gwaji bayan takaba, an sami ƙwayar, ta fara shan magani. Yau tana kasuwa da ƙarfinta, tana biyan kuɗin makarantar yara.

A 1986 aka fara gano wannan cuta a Gana, kuma da yawanmu mun ɗauka ta wuce tunda rediyo ya rage zancenta. Ba ta wuce ba. Hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa ta ce mutum 16,574 suka kamu a 2022, a 2023 kuma 17,774. Kusan mutum hamsin ke nan kowace rana. Masu ɗauke da ƙwayar sun haura 334,000, wajen biyu cikin uku mata ne, kuma sama da 12,000 suka rasu a shekarar. Yankin Ankara ne ya fi kowane yawan masu ita, sai yankin Kumasi.

To, ina muke kai kaya? Mai doya yana kwana a Agbogbloshie har motarsa ta ƙare. Mai albasa da ya sauko ta Bawku yana Adjen Kotoku, wani lokaci mako biyu yana jiran kuɗinsa. Ga jiran jirgin ruwa a Dambai da Makango, ga kwanan boda. Mutum na da kuɗi a aljihu, iyali na nesa, babu wanda ya san shi. Ba mu kaɗai ba ne: saboda irin wannan ne ƙasashe biyar, daga Abijan zuwa Legas, suka kafa shiri na musamman a farkon shekarun 2000 don direbobi da 'yan kasuwa a bododi irin su Aflao da Elubo. Kada kuma a ɗora wa iyayenmu mata masu tafiya laifi. Da yawan matan da ke da cutar a ɗakin aurensu ta same su.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ciwon sanyi, domin mun mai da shi ba komai ba. Yaro ya ji zafin fitsari, sai ya shiga kemis ya sayi kafso huɗu, zafi ya lafa, ya ce ya warke. Ƙwayar tana nan, kuma da irin wannan rabin shan ne take koyon ƙin magani. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin alamar komai har ciwon ya toshe mata hanyar haihuwa. Shekara uku babu ciki, sai dangi su ce a ƙara aure, ita ma amarya ta samu. Tunjere kuma da ƙurji marar zafi yake farawa, ya ɓace da kansa, amma yana cikin jini, yana iya kashe ɗa a ciki. Duka biyun suna buɗe wa ƙanjamau ƙofa. Idan za a yi magani, miji da matansa duka ne, lokaci ɗaya, a asibiti.

Ga abin da ya canja tun zamanin da muke jin tsoro. Maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitin gwamnati, yawanci ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya warkarwa, amma wanda ya riƙe shi har awo ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa matarsa. Mai ciki da ke sha tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Wanda ya san ya yi kuskure, ko matar da aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kariya na kwana 28, amma dole a fara kafin awa 72 su cika. Tun 2023 akwai abin gwaji da mutum zai yi da kansa a ɗaki. Idan ya nuna akwai, sai a je asibiti a tabbatar. Idan ya nuna babu alhali abin bai daɗe da faruwa ba, a sake bayan wata uku. Dokar 2016 kuma ta hana tona asirin mai cutar ko tsangwamarsa.

Allah ya gafarta Malam, tsare kai naku ne ku faɗa, kuma kuna faɗa. Ni dai zan ƙara cewa wanda ya kasa, kwaroron roba ya fi masa sauƙi da ya kai wa uwar 'ya'yansa ciwo. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. A garin nan Alhaji Umaru ya zauna, kuma da annobar mura ta zo a 1918 bai yi shiru ba, rubutu ya yi a kanta.

Abu biyu nake roƙon taro ya yanke kafin a ci abinci. Na farko, mu rubuta wa ma'aikatan lafiya su zo taronmu na gaba da kayan gwaji, a ware ɗaki, shugabanni su fara shiga. Ni zan bi bayan Ciyaman. Na biyu, duk mai shan magani, ko na hawan jini ne ko na suga ko na wannan, idan mota ta lalace ko boda ta riƙe shi har maganinsa ya kusa ƙarewa, ƙungiya ta ba shi kuɗin mota zuwa asibiti mafi kusa daga asusun taimako, ba tare da an tambaye shi wane ciwo ba ne. A littafi "kuɗin hanya" kawai zan rubuta.

Ciyaman, na mayar maka da magana.