Jawabin Shugaban Makaranta a Bikin Yaye Ɗaliban Fasahar Sarrafa Bayanai

Mai girma Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi, mai girma wakilin Mai Martaba Sarki, hakimai da dagatai, malamai masu daraja, iyayen yara, 'yan jarida, maza da mata.

Hukumar wannan makaranta tana godiya ga Allah da Ya nuna mata ranar yaye waɗannan matasa, waɗanda bayan sakandare suka riƙi fasahar sarrafa bayanai, wato ilimin adana bayanai da aika su ta kwamfuta, a matsayin sana'a. Cikin shekara biyu sun koyi gyaran kwamfuta, da haɗa na'urorin ofis su riƙa musayar bayanai, da gina shafukan intanet, da rubuta manhaja, wadda ita ce jerin umarnin da na'ura ke bi, bisa tsarin hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE mai mazauni a Kaduna tun 1977, sannan sun yi horon sanin makamar aiki na SIWES da asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973. A ƙasar da matasa kusan miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar JAMB a 2024, alhali jami'o'i ba sa iya ɗaukar ko rabinsu, iyayen da suka kawo 'ya'yansu nan sun yi hangen nesa.

Sai dai akwai batun da ya zama dole a faɗe shi a gaban manya, shi ne wutar lantarki. Kamar yadda ba a koyon ɗinki ba tare da keke ba, haka ba a koyon kwamfuta a kan allo da alli, amma sau da yawa abin da malamai ke komawa gare shi ke nan idan an ɗauke wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, janareta ke cinye kuɗin da ya kamata a sayi kayan aiki, kuma a Afrilun 2024 aka kai farashin wutar masu amfani da lantarki na rukunin A naira 225 kowane ma'auni, ga shi asusun TETFund manyan makarantun gwamnati kaɗai yake tallafa wa, ban da irin wannan da al'umma ta gina da guminta. Shirin 3MTT na 2023, mai burin horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani, abin yabo ne, amma ɗakin kwamfutar da babu wuta ba zai fitar da gwani ko ɗaya ba.

Ana taya waɗanda aka yaye murna, tare da jan kunnensu su riƙe amanar bayanan jama'a, su nisanci damfara ta intanet. Makaranta tana roƙon mai girma Kwamishina da attajiran garin nan su taimaka mata da na'urorin wuta masu aiki da hasken rana kafin sababbin ɗalibai su shigo.