Wa Ke Riƙe da Makarantar Gari?

 

Makaranta dukiyar gari ce, kuma kowace dukiya sai da mai riƙo. Tambayar da ke gaban wannan taro ita ce, wa ya riƙe makarantar gari a da, wa kuma ke riƙe da ita yanzu?

A shekarar 1909 ne Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano. Daga baya aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 don horar da malamai, kana wajen 1930 aka soma midil a larduna. Gwamnati ke tsara abin da za a koyar, ta aiko da Bature mai dubawa. Amma ginin elementare, da albashin malami, da allo da alli, duk daga baitulmalin En'e suke fita, watau daga haraji da jangalin talakawan ƙasar. Hakimi da dagaci su ke tattara yara. Idan rufin aji ya tsage, malami ya rubuta wa hakimi, hakimi ya kai gaban majalisar sarki, a duba kasafi, a ba ma'aji umurni. Kowa ya san ƙofar da zai buga.

Ba a ce wannan tsari ba shi da aibi ba. Talakan da ke biyan harajin ba shi da kujera a wurin shawara. Sau da yawa da tilas aka ɗauki yaro, mai hali ya ɓoye nasa, aka kama na marar gata. 'Yan mata kuwa kaɗan ƙwarai suka shiga aji.

A 1962 dokar ilmi ta Jihar Arewa ta buɗe hanyar kafa hukumomin ilmi na ƙasa ƙasa, kowace da kwamitinta. A 1976 aka rushe En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta, a shekarar nan kuma aka fara ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi yawa, azuzuwa da malamai suka kāsa. Dokar 2004 ta kafa hukumar ilmin farko ta tarayya, ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin sai jiha ta zuba nata rabon kafin ta karɓa. Ƙarƙashinta akwai hukumar jiha, ƙarƙashin wannan akwai ta ƙaramar hukuma da sakatarenta, kana kwamitin makaranta, inda iyaye da mai unguwa da shugaban malamai ke zama.

To, ga riba, uba ya sami kujerar da kakansa bai samu ba. Ga kuma hatsari, hannu ya yi yawa bisa kuɗi ɗaya, har a rasa wanda za a tuhuma in rufi ya faɗi. A kotu ba a karɓar ƙarar da ba ta da wanda ake ƙara.

Saboda haka abin roƙo ga dattawan da suka san aikin ofis shi ne su shiga kwamitin makarantar unguwarsu. Su sa a rubuta kowace shawara a littafi, da kwanan wata da sunan wanda aka ɗora wa aikin, a karanta lissafin kuɗi a gaban iyaye, a ƙirga malamai da ido kafin a sa hannu a takarda. Wannan aiki ne da tsohon malamin En'e ya ƙware a kai tun yana saurayi.

Allah ya yi wa yaranmu na ƙasar nan albarka, amin. Haza wasalam.